Ma'anar kalmar mesmerizing da inda ya dace a sa ta

Malama, kin tambayi ma'anar kalmar mesmerizing, da kuma ko za ta iya maye gurbin interesting a rubutu. Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma amsata ita ce ba za ta iya ba, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ana kiran abu mesmerizing idan ya ɗauke wa mutum hankali ɗungurungum, har ya kasa kawar da ido ko kunne daga gare shi. Ki ɗauki yaron da aka aika cefane, ya tsaya gaban masaƙi baki buɗe, idonsa na bin ƙoshiya tana kai-komo tsakanin zare, kuɗin aiken a dunƙule a hannunsa, sai an dafa kafaɗarsa kafin ya dawo hayyacinsa. Turawa za su ce he was mesmerized, aikin masaƙin kuma shi ne mesmerizing. Wannan bambanci na ƙarshen kalmar shi ne inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe: mai ɗauke hankali yana ɗaukar -ing, wanda aka ɗauke wa hankali kuma -ed, sannan by ta biyo baya.

Asalinta sunan mutum ne, Franz Anton Mesmer, wani likita Bajamushe da aka haifa a 1734. Ya koma Faris a 1778 yana iƙirarin warkar da marasa lafiya da wani ɓoyayyen ƙarfin maganaɗisu da ke jikin ɗan Adam, kuma waɗanda yake yi wa magani sukan fita hayyacinsu. A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin masana, har da Benjamin Franklin na Amurka, suka bincika ba su ga hujjar wannan ƙarfi ba. Iƙirarin ya rushe, amma sunan ya zauna a harshen.

Saboda wannan asali ne ta fi dacewa da abin da ake kallo ko saurare, kamar murya, rawa, idanu ko sukuwar dawaki a Hawan Daushe. Yana damuna in ga ɗalibi ya ɗora ta a kan shinkafa don ta yi daɗi, alhali delicious ta wadatar. Darasin da ya ja hankali kawai interesting ne, in ya sa ki son ƙarin sani kuma fascinating.

Ta fuskar rubutu, Amurkawa z suke sawa, mutanen Ingila kuma sun fi sa s, wato mesmerising. Duka biyun daidai ne, muddin kin tsaya a kan guda ɗaya cikin rubutunki.