Hukuncin Cin Bashi Mai Ruwa Don Koyon Aikin Taimaka wa Likitan Haƙori a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a birnin New York da 'ya'yana biyu, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ina son yin kwas na wata tara don in zama mai taimaka wa likitan haƙori. Makarantar ta kuɗi ce, sun yanka mini dala 18,000. Sun ce za su cike mini takardun bashin gwamnati na dala 9,500, ragowar in karɓa a wani kamfanin lamuni, kuma duka biyun da ruwa. Sun ce da na fara aiki zan biya ban ji a jikina ba. Shin halin da nake ciki ya kai larura?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi miki albarka, 'yar'uwa, da kika tambaya kafin ki sa hannu. Sana'ar da kike nema halal ce, hidima ce ga marasa lafiya. Amma wannan bashin bai halatta gare ki ba.

Rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, babu saɓani a kan haka tsakanin mazhabobi huɗu. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai bayar da ita da marubucinta da shaidunta biyu, ya ce duk ɗaya suke. Saboda haka wanda ya ce "ni biya kawai nake yi, ba ci nake ba" bai fita daga hadisin ba.

Saura maganar larura. Gaskiya ne larura tana halatta abin da aka hana, amma malamai sun gindaya mata sharuɗɗa: cutar ta zama tabbatacciya, babu wata hanyar halal da za ta kawar da ita, kuma a tsaya iya gwargwadonta. A sharaɗi na biyu ne tambayarki ta faɗi, domin wannan sana'a tana da ƙofofin da ba a bi ta bashi. A jihohi da dama na Amurka likita yana iya ɗaukar mutum ba shi da satifiket, ya koya masa aikin yana biyansa albashi. Hukumar DANB, mai shirya jarrabawar ƙasa ta wannan sana'a, tana karɓar wanda ya gama sakandare ya yi aikin awa 3,500 ko da bai shiga kwas ba. Wanda ya fi son aji kuma, ƙananan kwalejojin gwamnati masu shekara biyu suna koyar da kwas ɗin a farashi mai sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da makarantun kuɗi. Ga tallafin karatu na gwamnatin tarayya mai suna Pell, wanda kyauta ne ba a mayarwa, ya kai dala 7,395 a shekara ga wanda ya cancanta, kuma da takardar FAFSA ɗin da za su cike miki don bashi ake nemansa. Karɓarsa halal ne.

Yanzu mu yi lissafi, domin shari'a ba ta son Musulmi ya ɗauki bashi ido rufe, ko da marar ruwa ne. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na 2024 sun nuna matsakaicin albashin wannan aiki ya ɗan haura dala 47,000 a shekara. Ma'anarsa rabin ma'aikatan ba su kai haka ba, kuma sabon shiga yakan fara ne daga wannan rabin. A cire haraji, a cire hayar gida a New York da abincin yara. Ruwan bashin gwamnati da aka karɓa daga Yulin 2025 zuwa Yunin 2026 kashi 6.39 cikin ɗari ne. Dala 9,500 a kan wannan, cikin shekara goma, za ki riƙa biyan kusan dala 107 kowane wata, ƙarin da zai hau kanki ya zarce dala 3,000. Ba a ma zo kan na kamfanin lamuni ba, wanda ruwansa kan fi tsada ga mai ƙaramin ƙarfi, sassaucinsa kuma kaɗan ne. Abin da ya kamata ki auna shi ne tazarar da ke tsakanin abin da kike samu yau da wanda za ki samu gobe, domin daga wannan tazarar bashin zai ci. Kuma bashin karatu a Amurka yana da wuyar sauka daga wuyan mutum ko da kotu ta tabbatar ya karye.

Ba na son ki ɗauki zancen mai tallar makaranta a matsayin hujja. Kamfanin makarantun Corinthian ya rushe a 2015 ya bar ɗalibai da bashi, sai a 2022 gwamnati ta yafe dala biliyan 5.8 ga mutum kusan 560,000. Ki duba ko hukumar CODA, mai tantance kwasa-kwasan aikin haƙori a Amurka, ta amince da kwas ɗin, ki kuma shiga shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi ki ga bashin da ɗaliban makarantar suke fita da shi da abin da suke samu.

Akwai mas'ala ɗaya da malaman zamani suka yi saɓani a kanta: kason bashin da gwamnati ke ɗauke ruwansa muddin ɗalibi yana makaranta, da wata shida bayan ya gama. Wasu sun sauƙaƙa ga wanda yake da yaƙinin zai biya duka kafin ruwa ya fara hawa. Wasu sun hana, saboda sharaɗin riba yana rubuce cikin yarjejeniyar tun ranar sa hannu. Na fi karkata ga hanin. Ko a ra'ayin masu sauƙaƙawa ma, wannan kason bai wuce dala 3,500 a shekarar farko ba, ba zai rufe miki 18,000 ba.

Idan makarantar gwamnati ta yarda ki biya kashi-kashi ba tare da ruwa ba, wannan ya halatta. Haka rance marar ruwa daga dangi ko adashi ko asusun masallaci. A rubuta shi a kafa shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni. Idan abin hannunki bai ishe ki da yaranki ba, ya halatta a ba ki zakka ki biya kuɗin karatun da ita, kada ki ji kunyar tambayar limaminku.

Wadda kuma ta riga ta karɓi irin wannan bashi, ta tuba ga Allah, ta gaggauta biya, ta fara da wanda ruwansa ya fi yawa. Dokar Amurka ba ta yarda a ci tarar wanda ya biya bashin karatu kafin lokaci ba. Ba sai ta bar aikin ba, albashinta halal ne.

Wallahu a'alam.