Firjin motar da ta kwana a bakin rafi

Tambayarka ita ce: mutumin da ya dawo da motar zaman nan jiya, irin wadda Amurkawa ke kira RV, ya ce firji bai yi sanyi ba duk kwana ukun da suka yi a daji, kai kuma ka kunna shi a gareji ka ga yana aiki. Shin ƙarya yake yi, ko a sa sabo?

Ba ƙarya yake yi ba, yaro, kuma kada ka kwance ko noti ɗaya tukuna. Ka tambaye shi inda ya ajiye motar? Ni na tambaya. A wurin sauka na masu yada zango da ake kira Elkmont ya sauka, cikin gandun dajin Great Smoky Mountains da ke kan iyakar Tenesi da Karolina ta Arewa, kuma ya zaɓi wurin da ya fi kusa da kogin Little River don ya kwana yana jin ƙarar ruwa. Kowa hakan yake so. To amma ƙasar bakin rafi ai gangarawa take yi zuwa ga ruwa, motar a karkace ta kwana.

Wannan firji ba irin na gida ba ne, ba shi da kwamfuresa. Leƙa bayansa ka gani: bututu ne kawai ya yi ta lanƙwasa, a ciki akwai ruwa da amoniya da iskar haidurojin. Wutar gas ko hita ta lantarki ce ke tafasa shi daga ƙasa, tururin amoniya ya hau sama, ya huce ya koma ruwa, sannan ya gangaro a hankali yana janye zafin da ke cikin firjin. Babu famfon da ke tura shi, nauyinsa ne kaɗai ke saukar da shi. Idan mota ta karkace, ruwan sai ya taru a wata kwana ya tsaya. Masu ƙera shi sun ce kada karkatarsa ta wuce digiri 3 ta gefe, ko digiri 6 ta gaba da baya. A kan hanya ba komai, girgizar mota tana motsa ruwan. A tsaye ne ake samun matsala.

Abin da nake tsoro shi ne a bar shi a kunne haka kwana da kwanaki. Tukunyar da ke tafasa ruwan a ƙasan firjin tana ƙara zafi, maganin tsatsan da aka zuba a ciki ya daskare ya toshe bututu, kuma toshewar nan ba ta buɗuwa. Na ga masu kife firji a ƙasa wai ya warke. Yakan yi sati biyu ya koma gidan jiya.

Saboda haka ga aikinka. Sa lebur, wato ma'aunin da ke nuna ko abu ya karkace, a cikin firjin kansa, ka daidaita motar. Buɗe murfin waje ka shinshina: in ka ji warin amoniya ko ka ga gari mai ruwan ɗorawa a gindin bututu, ya huje, kashe shi nan take. In babu, duba harshen wutar gas, shuɗi ya kamata ya zama. Sai ka sa kofin ruwa da ma'aunin zafi a ciki, ka rufe, ka bar shi awa 24. In ya sauka kusan digiri 4 na Salshiyos, firji ya tsira.

Ka gwada batir ma. Ko a kan gas firjin yake, allon sarrafa shi yana buƙatar wuta bolt 12. Elkmont babu wurin jona lantarki, janareta kuma daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare kawai aka yarda a tayar, ga inuwar itatuwa ta hana sola yin abin kirki. Batir ya yi ƙasa, firji ya mutu cikin dare, mai mota yana ta barci.

Daga yau duk wanda zai ɗauki mota zuwa duwatsun nan, ka ba shi katakon dasawa a ƙarƙashin taya da jak, domin ƙasar bakin ruwa laushi gare ta. Mota za ta daidaitu da yamma, kafin asuba jak ɗaya ya nutse. Ka ce ya sake duba lebur da safe. Ka kuma gaya masa in ruwan rafi ya fara canza launi ko yana ɗauko itace, ya tattara ya hau tudu, ko da ba a yi ɗigo ɗaya a inda yake ba, don a can saman dutse ake zuba ruwan. Wanda ya ga abin da guguwar Helene ta yi wa yammacin Karolina ta Arewa a Satumban 2024 ba sai an maimaita masa ba.

Motar nan ta sauko daga Newfound Gap, wata mashiga a saman duwatsun gandun dajin, tsayin ƙafa 5,046, kuma ban yarda mutumin ya sa ƙaramar giya don rage wa birki aiki ba. In ka gama da firji, cire tayoyin gaba mu ga birki.