Me ya sa ake bangazar juna a wasan besbol?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani tsohon wasan besbol na Amurka a waya, mai gudu ya bangaje mai cafke ƙwallo har ya faɗi warwas, alƙalin wasa kuwa ko a jikinsa. Da tamaula ce ai jan kati ne nan take. Me ya sa suke ƙyale haka? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Dokar wasan ce ta haifi karon. Mai gudu yana zagaya tashoshi huɗu, tsakanin kowace biyu ƙafa 90, sai ya taka ta ƙarshe ake ba shi maki. A nan mai cafke yake jiransa. Galibi sai ya taɓa shi da ƙwallo a hannu, kuma ya riƙe ta gam, sannan ya fitar da shi. Ta suɓuce, maki ya shiga. To me zai hana mai gudu ya sa kafaɗa? Ga shi mai cafke yana sanye da kariyar fuska da ta ƙirji da ta ƙwauri, sai aka ɗauka raba-daidai ne. Ba haka ba ne, kayan nan don ƙwallo aka yi su, ba don ƙato mai gudu ba.

Wanda ka gani tsohon yayi ne. A watan Mayun 2011 mai gudu Scott Cousins ya karya wa Buster Posey, mai cafke na ƙungiyar San Francisco, ƙafa a irin wannan karo. Daga 2014 aka hana mai gudu barin layinsa don ya daki mai cafke, mai cafke kuma ba zai tare hanya ba sai da ƙwallo a hannunsa. A 2015 mai gudu Chase Utley ya sulɓo ya karya wa Ruben Tejada, ɗan wasan da ke tsare a tasha ta biyu, ƙafa, sai dokar 2016 ta ce sulɓin da za a yi ya zama na neman tasha, ba ƙafar mutum ba.

Abin da ya rage, kuma ya fi haɗari, shi ne mai jefa ƙwallo ya jefi mai riƙe da sandar dukanta. Ƙwallon ba ta wuce giram 150 ba, amma tana gudun da ya kai kilomita 150 a awa. Ita ta kashe ɗan wasa Ray Chapman a 1920. Hukuncin dai a ba wanda aka jefa tasha ta farko. Korar mai jifa kuwa sai alƙali ya gamsu da gangan ne, niyya kuma ba a ganinta a fuska.