Tsofaffin tubalan LEGO na cikin dilar gwanjo: jari ne ko tarkace?

Wani mai sayar da gwanjo a Ƙofar Wambai ya rubuto cewa yakan tarar da tubalan LEGO a cikin dilar kayan wasan yara, kuma ya ji labarin tsofaffinsu na tsada a Turai, shi ne yake tambaya ko ya ware kuɗi ya riƙa tara su.

Alhaji, labarin da ka ji yana da tushe, sai dai ba kowane tubali ya shafa ba. Wani kafinta ne a garin Billund na ƙasar Denmark, Ole Kirk Christiansen, ya fara da kayan wasa na katako a 1932, kamfaninsa na LEGO ya soma fitar da tubalan roba a 1949, sannan a 1958 aka yi rajistar 'yan bututun nan na ƙarƙashin tubali da ke sa ya kama ɗan'uwansa gam. Tun daga lokacin ba a sauya ma'auninsa ba, tubalin 1960 yana hawa kan na bana daidai, kuma tun da an ƙera shi bila adadin, shi kaɗai ba ya kawo kuɗi.

Abin da masu tarawa ke biya shi ne cikakken saiti da kwalinsa da littafin haɗawa, musamman wanda ba a taɓa ɓarewa ba, sai kuma 'yan mutum-mutumin da aka fara fitarwa a 1978. Saitin Millennium Falcon, wato jirgin sararin samaniya na fim ɗin Star Wars, na 2007 an sayar da shi dala 500, bayan an daina ƙera shi ya kai dubban daloli, amma da kamfanin ya fitar da sabo a 2017 sai farashin tsohon ya sauko. Dila kuwa, kai ka fi ni sani, a hargitse take zuwa, babu kwali balle littafi.

Don haka ban ba ka shawarar ɗaure jarinka a nan ba, domin mai sayen yana ƙetare, kuɗin aikawa kuma zai lashe ribar. Ka duba kan kowane ƙullutu da ke saman tubali, na asali yana ɗauke da sunan LEGO a rubuce, wanda babu galibi jabu ne. Ka ware 'yan mutum-mutumin gefe guda ka duba farashinsu a BrickLink, shafin intanet da ake cinikin kayan LEGO, sauran kuma a wanke su da ruwan sabulu mai ɗumi, a auna a leda, a sayar wa iyaye da makarantun nazare.