Wa Ya Kamata Ya Ɗaura wa Ƙanwata Aure?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a cikin maza, kuma ƙanwata za ta yi aure nan da wata uku. A ƙasar waje muke zaune, ba mu da malamin da muka saba da shi. Wasu sun ce dole sai limamin Juma'a, wasu sun ce duk mai karatu ya isa. Ta yaya zan samu wanda zai ɗaura, kuma me zan duba a tare da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanya albarka a wannan aure.

Ka kwantar da hankalinka, malamin da ke ɗaura aure ba ya cikin abubuwan da aure ke tsayuwa a kansu. Abin da shari'a ta nema shi ne waliyyi, da yardar ma'aurata, da sadaki, da shaidu biyu adalai, da siga, wato wannan ya ce na bayar, wancan ya ce na karɓa. Huɗubar da ake yi kafin nan mustahabbi ce. Saboda haka maganar dole sai limamin Juma'a ba ta da tushe. Amma kada wannan ya sa ka ɗauki kowa, domin aikin malamin shi ne tabbatar da cewa waɗannan abubuwa sun cika, kuma ba duk mai daɗin ƙira'a ne ya san fiƙihun aure ba.

Ni a wurina, alamar malamin kirki ita ce tambaya. Idan ka je masa ya ce kawai ka faɗi rana da lokaci, ka nemi wani. Wanda ya san aikinsa zai fara da kai: uwa ɗaya uba ɗaya kuke da ita? Kakanku na wajen uba yana da rai? Mahaifinku ya bar wa wani wasiyyar aurar da ita? Ba bin diddigi ba ne. A mazhabar Malikiyya ɗan'uwa yana gaban kaka a walicci, a Shafi'iyya kuwa kaka ne a gaba, to ka ga amsar za ta iya canza wanda zai bayar da auren. Zai kuma tambaya ko ta taɓa aure, in ta taɓa ko iddarta ta cika, da ko akwai shayarwa tsakaninta da angon, da yawan matan da ke ƙarƙashinsa yanzu.

Sannan zai so ya ji yardarta daga gare ta, ba daga bakinka kaɗai ba. Kada ka ji haushin haka, ko da ka san tana so. Khansa'u 'yar Khizam mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Annabi (SAW), ya warware auren, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Malamin da ya riƙe wannan hadisi amana ce yake tsare maka.

Akwai kuma abin da ya fi damuna game da masu zama a waje, wato dokar ƙasa. Aure yana iya inganta a shari'a, amma hukuma ta ce ba ta san da shi ba. A Faransa sai an fara yin na hukuma a ofishin magajin gari kafin na addini, kuma malamin da ya mayar da saɓa wannan al'adarsa doka tana hukunta shi. A Amurka ana karɓo lasisin aure tukuna, mai ɗaurawa ya sa hannu a mayar wa hukuma, kuma kowace jiha da ƙa'idarta. A Ingila, a 2020, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba wani aure da liman ya ɗaura a wani gidan cin abinci a Landan a 1998. Ma'auratan sun haifi 'ya'ya huɗu, amma ba a taɓa yi wa auren rajista ba, kotu ta ce a idon doka babu aure, balle hakkin dukiya da ke biyo bayan rabuwa. Kusan kullum mace ce ke kwana a ciki idan aka yi irin wannan sakaci, a nan kuwa macen ƙanwarka ce. Don haka ka tambayi malamin kai tsaye: hukuma ta amince da auren da kake ɗaurawa, ko sai mun je mun yi rajista daban? Idan ya ce rajista ba ta da amfani, kada ka ba shi wannan aiki.

Wajen nema kuwa, ka fara da masallacin da kuke salla ko cibiyar Musulunci mafi kusa, ka tambaya ko suna da littafin da suke rubuta aure suna ajiyewa. Ka tuntuɓi waɗanda aka ɗaura wa aure kwanan nan su gaya maka yadda ta kasance. Ka tabbatar yana jin harshen da kai da angon da shaidu kuke ji, domin shaidar abin da mutum bai fahimta ba ba shaida ba ce. Idan dangin angon wata mazhaba suke bi, a zauna da malamin tun yanzu a daidaita, kada gardama ta tashi a gaban jama'a.

Ku yi maganar abin da za a ba shi tun farko, ba kunya a ciki. Kafin a watse ranar, a rubuta sunayen shaidu, da adadin sadaki, da abin da aka biya da abin da ya rage ajalan, da duk sharaɗin da aka yi. Kowa ya sa hannu, takarda ɗaya ta zauna a masallaci, ɗaya kuma ka damƙa wa ƙanwarka a hannunta. Wata uku ya isa, amma ka je ofishin rajista a wannan makon, saboda wasu ƙasashen suna buƙatar a ba su sanarwa makonni kafin ranar. Wallahu a'alam.