Hajiya tana ta ramewa, ko mu ci gaba da ba ta "sha ka fashe"?

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana da shekara 63. An ce hayaƙin icen girki ne ya ƙuntata mata hanyoyin iska na huhu. Tana shaƙar inhela, amma sai ramewa take yi, yanzu kilo 44 take. Ko malmalar tuwo ba ta iya gamawa saboda haki. Mun hana ta kowane aiki. Wata maƙwabciya ta kawo mata "sha ka fashe", har fuska ta ciko. Mu ci gaba da ba ta? Daga ɗanta, Kurna.

Amsa: Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Rama a wannan ciwo ba abin mamaki ba ce, numfashin kansa yana cin ƙarfin jiki. Amma kafin komai a kai majinarta gwajin tarin fuka, kyauta ake yinsa a Asibitin Zana da ke Kano da sauran cibiyoyin gwaji da maganin tarin fuka da ake kira DOTS.

Sai batun ƙwayar nan. Abin da ake ƙullawa a leda da wannan suna galibi dexamethasone ne, wani maganin rage kumburi mai ƙarfi, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki don cin abinci. Cikowar fuskar da kuka gani ba tsoka ba ce, ruwa ne da kitse. Tsokar cinya da ta ƙirji, wadda da ita take jan numfashi, narkewa take yi. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga ƙashi ya yi rauni, ga garkuwar jiki ta faɗi har tsohon tarin fuka ya farka. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙirji yakan saki a kwanakin farko, sai a ce an dace. Mu ma muna ba da irinsa idan ciwon ya tashi, amma prednisolone ne na kwana 5, a kan awo, ba wata da watanni ba. Mai kemis ɗin da ya ƙulla mata ba zai zo jinya ba ranar da ƙugu ya karye. Idan ta haura mako 3 tana sha, kada ku yanke mata lokaci guda, jininta na iya faɗuwa ta suma. Ku ɗauki ledar ku kai wa likitanta ya janye shi a hankali.

Abinci kuwa, a daina cika mata kwano. Ciki idan ya cika yana danne huhu. A raba shi kashi 5 ko 6 a yini, ta ci a zaune, ruwa ya biyo baya. Mai kilo 44 tana bukatar kusan giram 55 na furotin, wato sinadarin gina jiki, kullum, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne kacal, don haka sai an haɗa da awara, kifi, kindirmo da kunun gyaɗa mai kauri. A zuba cokalin man gyaɗa a kan abincin. Idan wake na kumbura mata ciki a gwada alala, lemon kwalba mai gas kuma a ajiye shi.

Kwanciyar nan ma ku ɗage ta. Ta fara da tafiyar minti 5 a tsakar gida, safe da yamma, ana ƙara minti 2 duk mako har ta kai 20. Ta shaƙi inhela mai buɗe ƙirji minti 15 kafin ta fara. Ta ja iska ta hanci tana ƙirga 2, ta fitar ta tsukakken baki tana ƙirga 4, kamar mai hura koko. Hakin da bai hana ta magana ba, ba haɗari ba ne. Ciwon ƙirji, jiri ko leɓe ya sauya launi, nan a tsaya a nufi asibiti. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari ta yi tafiyarta a ɗaka, kuma a nisanta ta da murhu da turaren wuta.