Amsa: Furotin marar tsayayyar siffa, ta yaya yake kunna ƙwayar gado?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda furotin da bai naɗe ya ɗauki siffa ɗaya ba zai iya sarrafa kwafar DNA zuwa RNA, wato kunna ƙwayar gado. Rashin siffar nan shi ne amfaninsa. Dubi RNA folimares II, injin da ke wannan kwafar: yana da jela mai lilo marar tsayayyar siffa, jerin amino asid (tubalan ginin furotin) 7 da ya maimaitu sau 52 a jikin ɗan Adam. Irin waɗannan sassa suna kama juna sako-sako ta wurare da yawa, su saki, su sake kamawa. In sun yi yawa a wuri ɗaya sai su ware su dunƙule, kamar ɗigon man gyaɗa a cikin ruwa, ba tare da wata fata ta kewaye su ba. Ana ganin wannan dunƙulen ne ke tara kayan aikin kwafa a kan ƙwayar gado, sai ta kunnu.

A 2018 ɗakin binciken masani Richard Young a Amurka ya nuna furotin BRD4 da MED1 suna yin irin wannan dunƙule a sassan DNA masu ƙarfafa kwafa. A shekarar ce kuma ƙungiyar Ibrahim Cissé, haifaffen Nijar, ta ga folimares da Mediator (tarin furotin mai taimaka wa folimares, wanda MED1 ke cikinsa) suna taruwa a ƙwayoyin halitta masu rai, a jami'ar MIT ta Amurka. Aikinsa ya gamsar da ni, domin abu mai rai ya kalla.

Sai dai a yi hattara. Masana irin su Robert Tjian sun ja kunne cewa ba kowane taro ne ɗigon ruwa ba, kuma abin da aka gani a kwalbar gwaji bai isa hujja a kan abin da ke faruwa a jiki ba.